Ido a Waya, Ƙafa a Totur: Haɗarin da Ba Ya Barin Shaida

Duk lokacin da mota ta yi haɗari a hanyar Kano zuwa Zariya, ko tsakanin Maraɗi da Damagaram, bayanin da ake bai wa 'yan uwa ba ya wuce guda huɗu: taya ce ta fashe, birki ne ya tsinke, gudu ne ya yi yawa, ko kuma motar ce ta ƙwace wa direba. Uku na farko ana iya gane su da ido, domin ga fasasshiyar taya, ga shatin birki a kwalta ko rashinsa, ga yadda ƙarfe ya lanƙwashe. Na huɗun kuwa tambaya yake bari a buɗe. Mota mai lafiya, a miƙaƙƙiyar hanya, da rana tsaka, me zai sa ta bar hannunta ta yi taho-mu-gama da tirela? Sau da yawa amsar tana cikin daƙiƙa uku ko huɗu da direba ya ɗauke hankalinsa daga titi, kuma a wannan zamani babu abin da ya fi wayar hannu ɗauke shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan titi duk shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. Haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na mamatan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, alhali kashi 60 ne kawai na motocin duniya suke can, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta lissafa mamata sama da 5,000 a 2023, haka ma a 2024. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ya haura 30,000 a shekara. Tazarar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san yadda muke yi: wanda ya rasu a hanyar ƙauye da safe, kafin la'asar an yi masa sutura, wanda kuma ya cika a asibiti bayan mako biyu ba lallai sunansa ya koma takardar haɗarin ba.

Idan adadin mamatan kansa bai cika ba, to ina ga dalilin mutuwarsu? Wanda ya sha giya ana iya auna jininsa. Wanda ya ɗauki lodi fiye da ƙima, kayan suna nan warwatse a bakin hanya. Amma wanda ya sunkuya duba saƙo, ko ya mutu da sirrinsa, ko ya rayu ya yi shiru. Shi ya sa a jadawalin dalilan haɗari, waya takan zo can ƙasa, gudu da ƙwacewar mota su zo a sama. Ko a Amurka, inda 'yan sanda ke iya neman bayanan kira daga kamfanin sadarwa, hukumar kula da lafiyar manyan hanyoyi ta lissafa mutum 3,308 da suka mutu a 2022 sanadin shagalar direba, kuma masana a can ma sun yarda adadin gaskiya ya fi haka.

Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙa biyar

Tuƙi yana buƙatar abu uku a lokaci guda: ido a kan hanya, hannu a kan sitiyari, hankali a kan abin da ke gaba. Cin gyaɗa yana ɗauke hannu. Kallon motar da ta kife a gefen titi yana ɗauke ido. Tunanin bashi yana ɗauke hankali. Rubuta saƙo ko karanta shi kuwa yana kwashe ukun gaba ɗaya, kuma a nan ya fi sauran muni.

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yanke wa ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye a Najeriya, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya ɗauki daƙiƙa biyar yana karanta saƙo ya yi tafiyar kusan mita 140 ba tare da ya ga komai ba. A cikin gari ma, a gudun kilomita 50, daƙiƙa biyu sun isa mota ta ci mita 28. A titin Kurna ko na Kasuwar Bacci, mita 28 ta ƙunshi mai tura ruwa, da ɗan makaranta mai tsallaka titi, da Adaidaita Sahun da ya tsaya ɗaukar fasinja babu sigina. Kuma idan direba ya ɗago, aiki bai ƙare ba: sai ya gane abin da ya gani, ya ɗauke ƙafa daga totur, ya taka birki, sannan mota ta fara ja. Duk lokacin da gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi huɗu.

Wannan ba hasashe ba ne. Tun 1997 wasu masu bincike biyu, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, suka duba bayanan kiran waya na direbobi 699 da suka yi haɗari a Toronto ta ƙasar Kanada, suka gano cewa yiwuwar haɗari na ninkawa kusan huɗu a lokacin da mutum ke kan waya. A 2009 kuma cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta fitar da sakamakon kyamarorin da aka maƙala a cikin manyan motoci: direban da ke rubuta saƙo ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari, ko tsallake rijiya da baya, har sau 23, kuma idonsa kan bar titi na kimanin daƙiƙa 4.6 a cikin kowace shida. Waɗannan ƙwararrun direbobi ne masu cin abinci da tuƙi, ba 'yan koyo ba.

A watan Agustan 2016, a hanyar A34 ta Ingila, wani direban babbar mota ya afka wa jerin motocin da cunkoso ya tsayar, ya hallaka wata uwa da yara uku. Kyamarar da ke cikin motarsa ta nuna abin da yake yi: wayarsa ce a hannu, yana zaɓen waƙar da zai saurara. Kimanin awa ɗaya kafin nan ya sa hannu a takardar kamfaninsa cewa ba zai taɓa waya yana tuƙi ba. An ɗaure shi shekara goma. Bai sha komai ba, birkinsa lafiya lau, hanyar kuma babu ko rami. Da babu kyamarar nan, da ƙila abin da za a rubuta shi ne bai tsaya da wuri ba.

Hujjojin direbobi

Direbobi suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Ta farko ita ce, "Ai ba a hannu nake riƙewa ba, abin kunne nake sawa." Gaskiya ne hannu ya samu 'yanci, amma hankali bai dawo ba. David Strayer da abokan aikinsa na jami'ar Utah sun shafe shekaru suna gwada mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka ga cewa mai hira a waya yakan kalli abu da idonsa amma ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka ba, ko wayar na hannu ko tana kunne. A 2006 suka nuna cewa lalacewar tuƙinsa na iya kaiwa ta wanda ya sha giya har iyakar da dokar Amurka ta hana tuƙi. Wani bincikensu na 2015 ya nuna hankali kan ɗauki har daƙiƙa 27 kafin ya dawo daidai bayan mutum ya gama ba wa waya umarni da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma matsayinta ke nan: abin kunne bai fi riƙewa a hannu aminci sosai ba. Bahaushe ya riga ya faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Amsa ta biyu: "To mene ne bambancinsa da hira da fasinja?" Bambancin shi ne fasinja yana ganin titi. Idan tirela ta kunno kai a kwana, shi ma zai yi shiru, ko ya ce, "Direba, kula!" Wanda ke can gida yana jayayya a kan kuɗin cefane bai san an zo gada ba, kuma idan ya ji shiru sai ya ƙara ɗaga murya, yana cewa, "Kana ji na kuwa?"

Amsa ta uku ita ce ƙwarewa: shekara ashirin ina wannan hanya, ko ido rufe zan kai ka Funtuwa. Ƙwarewa tana taimakawa wajen abin da aka saba da shi, wato inda rami yake da inda kwana take. Ba ta san ranar da saniya za ta ɓalle daga garke ba, ko ranar da tanka za ta mutu a tsakiyar titi a tare ta da ganye maimakon alama. Haɗari daga abin da ba a saba da shi ba yake fitowa. Mutum kuma ya yi amfani da waya sau ɗari bai ga komai ba, sai ya ɗauka gwaninta ce, alhali titi ne ya yi masa sassauci.

Me ya sa namu ya fi muni

A ƙasashen da suka yi nisa, hanya kan yafe wa direba wani kuskuren: akwai shinge tsakanin masu zuwa da masu dawowa, akwai kunya-kunya a gefen kwalta da ke kaɗa mota idan ta fara zamewa, masu tafiya a ƙasa kuma suna da nasu wurin. Majalisar Suwidin ta amince da wannan tunani tun 1997: ɗan Adam zai yi kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Mu kuwa yawancin hanyoyinmu falle ɗaya ne, mota da babur da amalanke da dabbobi duk a kai, kasuwa ta ci rabin titi, ga aron hannu inda ake gyara. Motar da aka ƙera don mutum bakwai tana ɗauke da goma sha ɗaya, babu mai ɗamara. Kuskuren da zai ƙare da fashewar fitila a wani wuri, a nan yakan ƙare da jana'iza.

Sannan akwai abin da masu wa'azin "ajiye waya" suke tsallakewa: ga direban haya, waya ba abin wasa ba ce, shagonsa ce. A duba direban Sharon da ya tashi daga tasha da hantsi. Tun bai fita gari ba mai saƙon da aka ba shi ya kira yana tambayar ƙarfe nawa zai iso. Ɗan kamashon tashar gaba ya kira, akwai fasinja biyu. Mai mota ya kira yana cigiyar balas ɗin jiya. Wani fasinja ya ce ba shi da tsaba, ya tura ta waya, direba kuma ba zai yarda ba sai ya ga alat da idonsa. Abokin aikinsa da ya yi gaba ya kira ya sanar da shi inda jami'ai suka tsaya, ko ya gaya masa hanya ba lafiya, ya dakata. A wasu hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari wannan kira na ƙarshe rai yake ceta. Duk wannan yana faruwa da waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya a giya, ɗaya a sitiyari. Mai Adaidaita Sahu kuwa, wayar tana soke a jikin gilashi, yana lissafin canji da hannun hagu, yana waiwaye yana neman fasinja. Ɗan kabu-kabu a Yamai ko Agadas ba shi da ko ƙarfen da zai tare masa.

Masu motar gida ba su tsira ba, wataƙila ma sun fi, domin su ba neman abinci ne ya tilasta musu ba. A tsaya a danja a Abuja ko Kaduna a leƙa motoci: kai a sunkuye, yatsa na goga gilashi, sai an yi musu ham su zabura. Ga kuma sabon yayi na ɗaukar bidiyo ana tuƙi don TikTok, da jerin gwanon ɗaurin aure inda direba ke ɗaukar motar ango da hannu ɗaya.

Shagala kuma tana tafiya da 'yar uwarta, gajiya. A ƙarshen watan Mayun 2025, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa daga gadar Ciromawa, saura ƙiris su iso gida, mutum sama da 20 suka rasu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mai yiwuwa gajiya da gudu ne sanadi, bayan doguwar tafiyar dare. Direban da ya kwana a hanya hankalinsa ya riga ya yi rauni, kuma shi ne ya fi janyo waya don korar gyangyaɗi. Hukumar ta daɗe tana cewa a huta minti 15 bayan kowace awa huɗu ta tuƙi, amma wanda ake biya gwargwadon sawun da ya yi ba ya ganin hutu sai asara.

Doka da iyakarta

Dokar tana nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, ta sanya amfani da waya a kan tuƙi cikin jerin laifukanta, kuma tarar da ta daɗe a jadawali ita ce naira 4,000, kuɗin da bai kai na fetur lita biyar ba a ƙarshen 2024. A 2017 ta fara tura masu irin wannan laifi a Abuja asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, Nijar kuma tana da ANISER.

Sai dai rubuta doka daban, ta yi aiki daban. Birtaniya ta haramta riƙe waya tun 2003, a 2017 ta ninka hukuncin zuwa fam 200 da maki shida a lasisi, abin da ke nufin sabon direba zai rasa lasisinsa da laifi ɗaya, a 2022 kuma ta toshe ƙofar da masu cewa "hoto nake ɗauka, ba kira ba" suke bi. Amma wani bincike na cibiyar kamfanonin inshora a Amurka a 2010 ya gano cewa haramta tura saƙo bai rage haɗari ba a jihohi huɗu da aka duba, a uku ma ya ɗan ƙaru. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, mai yiwuwa direbobi ba su daina ba, sai dai suka sauke wayar kan cinya don kada a gani, ido ya ƙara nisa da titi. Darasin shi ne, abin da ke hana mutum ba girman tara ba ne kaɗai, sanin cewa za a kama shi ne. Shi ya sa jihar New South Wales ta Ostireliya ta kafa kyamarori masu gano waya a hannun direba tun ƙarshen 2019. Inda kuwa direba ya san magana za ta ƙare a bakin titi da 'yar wani abu, ko an mayar da tarar dubu ɗari, farashin sasantawa kawai aka ƙara.

Akwai kuma wata doka da ta fi kusa da zuciyar yawancin direbobinmu. Muna cewa ƙaddara ce, kuma babu mai musun ƙaddara, amma shari'ar Musulunci ba ta rufe magana a nan ba. Kisan kuskure yana da hukunci a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Malamai na zamani sun yi bayanin cewa direban da sakacinsa ya jawo mutuwa ya shiga wannan hukunci. Wannan batu ne da ya cancanci huɗubar Juma'a, musamman a masallatan tasha, fiye da yadda ake jin sa yanzu.

Wanda ke kira da wanda ke zaune

Tunda waya kayan aiki ce, cewa a kashe ta kawai ba zai karɓu ba. Abin da zai yiwu shi ne a raba direba da aikin amsa ta. A babbar mota akwai yaron mota, a bas akwai kwandasta. Wayar ta zauna a hannunsu har a tsaya. A ƙaramar motar haya, fasinjan gaba zai iya amsawa ya isar da saƙo. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke iya hana mota lodi saboda rashin biyan kuɗin tasha, za ta iya mayar da wannan sharaɗi, ta kuma sa a kammala lissafi da duba alat kafin mota ta tashi. Kamfanonin da ke da jerin tireloli da tankoki su daina kiran direba yana kan hanya, su ba shi wuraren tsayawa da lokacin kira. Mai motar gida kuwa, wayoyin zamani suna da tsarin da ke rufe bakin saƙonni idan ana tuƙi. Idan kira ya zama dole, a sauka gefe sosai, ba a kwana ko kan gada ba.

Sauran nauyin yana kan mu da ba mu riƙe da sitiyari. Uwargidan da ta kira ta ji ƙugin inji, ta ce, "Malam, kana hanya ne? Idan ka tsaya ka kira ni," ta kashe, ta yi abin da jami'i ba zai iya ba. Haka maigidan da ya daina auna biyayyar direbansa da saurin ɗaga waya. Mafi wuya shi ne fasinja. Kunya da kawaici suna sa mutum goma su zuba ido direba na karanta saƙo a gudun kilomita 120, kowa na salati a zuci, babu mai son a ce ya cika tsoro ko ya raina sana'ar wani. Amma an biya kuɗin mota ne don a isa, kuma "Direba, don Allah kawo wayar in amsa maka" ba rashin kunya ba ce. Idan mutum ɗaya ya faɗa, ya kamata sauran su mara masa baya, ba su yi masa dariya ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Kaiwa can yana buƙatar tagwayen hanyoyi, da gadojin masu tafiya a ƙasa, da motocin asibiti da za su iso idan an kira lambar gaggawa ta 122, kuma duk waɗannan sai gwamnati da kuɗi da shekaru. Raba direba da waya ne kaɗai daga cikinsu ba ya jiran kasafin kuɗi. Yana jiran tasha ta kafa ƙa'ida, mai kira ya yi haƙuri, fasinja kuma ya buɗe baki tun mota tana kan ƙafafunta.